Tura, Turo, Ture: Lodin Babur a Tirela Mai Karkata

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci Idu, tashar jirgin ƙasa ce ke faɗo mana a rai, wato wadda aka buɗe a watan Yulin 2016, inda jirgi ke tashi ya yi tafiyar kilomita 186 zuwa Rigasa a Kaduna. To amma Idu unguwar masana'antu ce, kullum ana ɗora injuna a mota ana saukewa. A wannan maƙala ina so in yi bayanin yadda ake lodin babur a ƙaramar tirela mai karkata, domin a ganina akwai darasin nahawu a cikin aikin.

Ita wannan tirela, ƙaramar mota ce ke jan ta. Bodinta yana zaune ne a kan ƙarfen tayoyi kamar sikeli, sakata ɗaya ce ke riƙe da shi ta gaba. Da an zare sakatar, sai bayan bodin ya sunkuya ya taɓa ƙasa, ya zama gangara, ba sai an nemo katako an jingina ba. A ƙasashen sanyi irin su Kanada, da ita ake ɗaukar babur ɗin ƙanƙara, wanda ke da silalo biyu a gaba maimakon taya, irin wanda kamfanin Bombardier ya fara sayarwa a 1959 da sunan Ski-Doo. Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma motar janwe mai sunkuyar da bodi kusan haka take aiki.

Kafin a taɓa sakata, dole tirelar ta kasance a sarƙe da motar da ke jan ta, an ja birki, an kuma sa wa tayoyi waigi. Daga nan sai mutum biyu su kama babur, ɗaya a kai, ɗaya a baya, su hau da shi. Babur irin na 'yan acaɓa ya haura kilo 100, saboda haka ba abin wasa ba ne. Wurin da haɗarin yake shi ne daidai lokacin da nauyin ya tsallake ƙarfen tayoyin. A nan ne gaba ke rinjayar baya, bodin ya faɗo ya kwanta lokaci guda. Wanda ya bar ƙafarsa ko yatsunsa a ƙarƙashin gaban bodin, sai dai asibiti.

To a wannan gaɓa ce harshe ke shigowa. Ɗaliban nahawu sun san rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960. “Tura” aji na 1 ce, “turo” aji na 6, “ture” kuma aji na 4. Yaron mota da ke saman bodi zai ce, “Maigida, turo!” domin wajensa yake son babur ɗin ya taho. Na ƙasa kuwa “tura” zai ce wa abokinsa, domin nesa da shi za a yi. Wasalin “o” shi kaɗai ya faɗi inda mai magana yake tsaye, abin da Bature sai ya ƙaro wata kalma kafin ya bayyana. Ita kuwa “ture”, ba mai son jin ta a wajen lodi, don ma'anarta babur ya kwanta ke nan. A aji muna haddace waɗannan don cin jarrabawa. 'Yan dako ba su san sunan Parsons ba, amma ba sa musanya su.

Idan bodi ya kwanta, sai a mayar da sakata tun kafin a ɗaure komai. Ƙa'idar masu tirela ita ce kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyi ya zauna gaban tayoyi. In ya koma baya, tirelar za ta riƙa tangaɗi a kan titi har ta iya fizgar motar. Ana ɗaure babur ta kusurwa huɗu, a sa shi a giya, a rufe makunnin mai.

Saukewa ta fi lodi wuya, domin da baya babur ke gangarowa, kuma birkin gaba ba ya kamawa sosai tunda nauyi ya bar tayar gaba. Gwanaye kan bar shi a giya ta ɗaya, inji a kashe, su riƙa matse kuloci suna saki a hankali. Nan ma kalmomin sun rabu: mutum ne ke “sauka”, kaya ake “saukewa”, na ƙasa kuwa cewa yake “sauko da shi”, ko “sako a hankali”, yana tsaye a gefe, ba a bayan tayar ba.