Britney Spears: Yadda tsegumi ya kayar da mawaƙiya, masoya suka ƙwato mata 'yanci

A ranar Juma'a 12 ga Nuwamba, 2021, ɗaruruwan mutane suka yi cincirindo a gaban wata kotu da ke birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, suna ɗauke da kwalaye da tutoci masu launin ruwan hoda. Da labari ya fito daga ciki cewa Mai Shari'a Brenda Penny ta soke umarnin da ya ɗanƙa rayuwa da dukiyar mawaƙiya Britney Spears a hannun wasu mutane, sai wurin ya kaure da sowa, wasu na rawa, wasu na hawaye.

Galibin waɗanda suka taru ba su taɓa yin ko gaisuwa da mawaƙiyar ba. Masoya waƙoƙinta ne kawai, amma sun shafe fiye da shekara biyu suna jeka-ka-dawo a ƙofar kotun nan. Shari'ar tata ta zama abin nazari ga masu bin diddigin kafofin watsa labarai, domin ta nuna fuskoki biyu na shahara a wannan zamani: kasuwar tsegumi da ke cin abinci da tuntuɓen fitattun mutane, da kuma rundunar masoya da ke iya juya akalar shari'a.

Tauraruwa tun tana yarinya

An haifi Britney a ranar 2 ga Disamba, 1981, ta kuma taso a ƙaramin garin Kentwood da ke Jihar Luwiziyana. Tun tana 'yar shekara 11 ta shiga shirin yara na talabijin na kamfanin Disney mai suna The Mickey Mouse Club. A ƙarshen 1998 ta fitar da waƙarta ta farko, "...Baby One More Time", wadda ta zagaye duniya. Kundinta na biyu da ya fito a 2000 an sayar da kwafi miliyan 1.3 nasa a Amurka a makon farko kaɗai.

Ɗaukakar ta zo mata da wuri, kuma tare da ita ne idon jama'a ya sauka a kanta. Manyan 'yan jarida sun riƙa yi mata tambayoyi kan jikinta da budurcinta a bainar jama'a tun ba ta cika shekara 20 ba. Da soyayyarta da mawaƙi Justin Timberlake ta watse a 2002, yawancin mujallu ita suka ɗora wa laifi. A wata hira ta talabijin a 2003, 'yar jarida Diane Sawyer ta tsare ta da tambayoyi kan rabuwar har sai da ta fashe da kuka.

Yadda kasuwar tsegumi take aiki

Tsegumi kan fitattun mutane a Amurka sana'a ce mai tsari da jari. A ƙasan tsanin akwai masu farautar hotuna da ake kira paparazzi, sunan da aka samo daga wani mai ɗaukar hoto a fim ɗin Italiya mai suna La Dolce Vita na 1960. Su ne ke kwana a ƙofar gidajen taurari, suna bin motocinsu duk inda suka nufa. Hotunan da suka samu kamfanonin dillancin hoto ne ke saye, su kuma su sayar wa mujallun mako irin su Us Weekly da People, da shafukan intanet irin su TMZ wanda aka kafa a 2005. Mujallu na cin riba daga masu saye, shafuka kuma daga tallace-tallace gwargwadon yawan masu leƙawa.

Dokar wannan kasuwa ɗaya ce: hoton tauraruwa cikin kwalliya tana murmushi ba ya tsada, wanda ke kawo kuɗi shi ne na ranar da take kuka, ko ta yi tuntuɓe, ko ta fita hayyacinta. Saboda haka mai kyamara yana da riba idan ya harzuƙa wanda yake bi. Duniya ta ga ƙarshen irin wannan farauta a 1997, lokacin da Gimbiya Diana ta Ingila ta mutu a haɗarin mota a birnin Paris, masu ɗaukar hoto na biye da ita a kan babura.

Britney ta faɗa tsakiyar wannan kasuwa a lokacin da take tashe. Ta auri Kevin Federline a 2004, ta haifi 'ya'ya maza biyu a Satumban 2005 da Satumban 2006, sannan ta nemi a raba auren a Nuwamban 2006. A Fabrairun 2007 ta shiga wani shagon gyaran gashi a unguwar Tarzana ta aske kanta ƙwal da hannunta, kyamarori na ɗauka ta cikin gilashi. Bayan 'yan kwanaki aka ɗauke ta tana dukan motar wani mai ɗaukar hoto da lema. A Oktoban shekarar kotu ta miƙa riƙon 'ya'yan ga mahaifinsu.

Mace ce mai jego da aurenta ya mutu, aka kuma raba ta da 'ya'yanta, amma a shafukan tsegumi da shirye-shiryen barkwanci na dare abin dariya ta zama. A farkon 2008 mujallar kasuwanci ta Portfolio ta ƙiyasta cewa harkokin da ke cin gajiyar sunanta, daga kamfanin waƙa zuwa mujallu da masu hoto, suna juya dala miliyan 110 zuwa 120 a shekara.

Riƙon da kotu ta ɗora mata

A Janairun 2008 sau biyu ana kwantar da ita a asibiti bisa dokar Jihar Kalifoniya da ta ba da damar tsare mutum na sa'o'i 72 domin duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Ranar 1 ga Fabrairu kotu ta naɗa mahaifinta, Jamie Spears, a matsayin mai riƙon ta na wucin gadi, tare da lauya Andrew Wallet a ɓangaren dukiya. A Oktoban shekarar aka mayar da riƙon na dindindin.

Wannan tsari, wanda dokar Kalifoniya ke kira conservatorship, an tanade shi ne domin baligin da ba ya iya kula da kansa ko dukiyarsa, kamar tsohon da mantuwa ta ci ƙarfinsa ko mai naƙasa mai tsanani. Yana kama da abin da malaman fiƙihu ke kira hajru, wato hana wanda ba shi da cikakken hankali sarrafa dukiyarsa har sai ya samu shiriya. Kashi biyu ne: riƙon mutum, wanda ya shafi wurin zama da magani da waɗanda za su ziyarce shi, da riƙon dukiya, wanda ya shafi asusun banki da kwangiloli. Duka biyun aka ɗora wa Britney tana da shekara 26. Kotu ta kuma ce ba ta da ikon zaɓar lauya, sai ta naɗa mata Samuel Ingham, wanda ya wakilce ta shekara 13.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, wadda aka ce ba ta iya kula da kanta ba ta daina aiki ba. A ƙarƙashin riƙon ta fitar da kundin waƙoƙi huɗu, a 2008 da 2011 da 2013 da 2016. Ta zama alƙaliya a gasar waƙa ta The X Factor a 2012. Daga Disamban 2013 zuwa Disamban 2017 ta yi wasa sau 248 a otal ɗin Planet Hollywood da ke Las Vegas, wasannin da suka tara kusan dala miliyan 138. An ƙiyasta dukiyarta a kan kusan dala miliyan 60, amma alawus ɗin da ake ba ta bai wuce dala 2,000 a mako ba, alhali mahaifinta na karɓar kusan dala 16,000 a wata a matsayin ladan riƙo. Lauyoyin ɓangarorin biyu ma daga aljihunta ake biyan su.

Masoya sun shiga tsakani

Tun 2009 wasu masoyanta suka fara kiran a sake ta, amma ba a saurare su ba. Al'amarin ya sauya a 2019. A Janairu ta soke sabon jerin wasannin da ta shirya yi a Las Vegas, tana cewa mahaifinta ba shi da lafiya. A Afrilu aka ji tana wata cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A lokacin ne wasu mata biyu 'yan barkwanci, Tess Barker da Barbara Gray, masu gabatar da shirin murya na intanet mai suna Britney's Gram, suka sanya saƙon wani mutum da ya ce ya taɓa aiki da lauyoyin shari'ar, yana zargin cewa ba da son ranta aka kai ta can ba. Nan da nan maudu'in #FreeBritney, wato a saki Britney, ya karaɗe shafukan sada zumunta.

Masoyan sun tsaya a kan cewa ruwa ba ya tsami banza. Wasu suka riƙa sayen takardun kotu suna karantawa layi-layi, lauyoyin cikinsu suna fassara wa saura, wasu kuma suka mayar da ƙofar kotu wurin zamansu a duk ranar sauraron ƙara. A 2020 mahaifin ya bayyana su a matsayin masu ƙirƙirar labarin makirci da ba su san komai ba. Shi da lauyoyinsa sun dage cewa riƙon ne ya ceci rayuwarta, ya kuma farfaɗo da dukiyarta.

A Fabrairun 2021 jaridar New York Times ta fitar da fim ɗin bincike mai suna Framing Britney Spears, wanda ya dawo da tsofaffin hirarraki da hotunan da aka yi mata izgili da su. Jama'a suka kalle su da sabon ido. Cikin mako guda Justin Timberlake ya fito ya nemi gafararta.

Ranar da ta yi magana

Ranar 23 ga Yuni, 2021, Britney ta yi wa kotu jawabi ta wayar tarho na fiye da minti 20. Ta ce an tilasta mata yawon wasanni a 2018, an sauya mata magani zuwa lithium mai ƙarfi ba da yardarta ba, an hana ta cire na'urar hana ɗaukar ciki da ke jikinta alhali tana son ta yi aure ta sake haihuwa. Ta kuma ce ba ta san tana da damar neman a kawo ƙarshen riƙon ba.

Daga nan abubuwa suka tafi da sauri. Ranar 14 ga Yuli aka ba ta damar ɗaukar lauyan da take so, ta zaɓi Mathew Rosengart, tsohon mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya. Ranar 29 ga Satumba aka dakatar da mahaifinta. Washegari Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ƙarfafa 'yancin wanda ke ƙarƙashin riƙo na zaɓar lauyansa. Ranar 12 ga Nuwamba aka soke riƙon baki ɗaya, bayan shekara 13 da wata tara. Ita kanta ta fito ta gode wa masoyan, tana cewa su ne suka ceci rayuwarta.

Tsugune ba ta ƙare ba

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin irin wannan ƙauna. Tun 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka yi rubutu kan dangantakar ɓangare ɗaya, inda mai kallo ke jin ya san tauraro kamar ɗan uwansa, alhali tauraron bai san da zamansa ba. Wannan jin kusanci shi ne ya sa masoyan Britney suka jure rana da izgili. Shi ne kuma ya sa wasunsu suka kasa ja da baya bayan an ci nasara.

A Janairun 2023 ta rufe shafinta na Instagram, sai wasu masoya suka kira 'yan sanda suka ce a je a duba lafiyarta. Jami'ai suka je gidanta da dare, suka tarar ba abin da ya same ta. Ta fito ta ce abin ya wuce gona da iri, ta roƙi a mutunta sirrinta. Wasu kuma suka ci gaba da tankaɗe da rairayar bidiyon rawarta, har da masu cewa ba ita ba ce a ciki. Aikin da masu farautar hoto ke yi da kyamara a 2007, yanzu masu waya ne ke yin sa kyauta da sunan ƙauna. A Oktoban 2023 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, The Woman in Me, wanda aka sayar da kwafi miliyan 1.1 nasa a Amurka a makon farko.

Abin da ya rage ga mai karatu

Kasuwar da ta ci da Britney ta canza salo, amma ba ta mutu ba, kuma ta iso Najeriya. Magoya bayan Davido da ake kira 30BG da na Wizkid da ake kira FC kan kwana suna musayar zagi a shafin X, shafukan gulma a Instagram da TikTok kuma na tara mabiya da labarin mutuwar aure ko rashin lafiyar jaruman Kannywood da mawaƙa. Lissafin bai sauya ba: yawan masu kallo shi ke kawo talla, abin kunya kuma shi ya fi jan masu kallo. Duk wanda ya danna ko ya tura wa abokinsa, ya sa nasa jarin a cinikin.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da dattijo ko mara lafiya a gida, shari'ar ta bar tambayoyin da suka wuce harkar waƙa. Idan an miƙa dukiyar mutum ga wani domin a kare shi, wa ke duba mai riƙon? Nawa yake ci daga ciki? Ta wace hanya mai dukiyar zai koka, kuma yaushe za a mayar masa da abinsa? Britney na da miliyoyin masoya da suka yi mata waɗannan tambayoyi, duk da haka sai da ta kusa cika shekara 40 kafin ta samu ikon taɓa kuɗinta ba tare da neman izini ba.