Kafin ka ce masa "kai da ba ka nan", tsaya ka ji

Ka san irinsa. Tare kuka yi sakandare a Rano ko Kibiya, yanzu yana Indiya ko Yuganda yana digiri na biyu, wataƙila ma cikin shirin ɗalibai 1,001 da gwamnatin Kano ta fara turawa waje a 2023. Ranar da ya yi rubutu a Facebook cewa ƙasarmu ta rikice, sai ka ji haushi ya turnuƙe ka: "Malam, kai da ba ka nan, ina ruwanka?"

To, da ruwansa mana.

Fara da aljihu. Kai tsadar rayuwa a kasuwar Rano take iske ka, wajen mai awo ko gidan mai. Shi kuwa a waya take samun sa, duk ranar da aka turo masa kuɗi daga gida. A watan Mayun 2023, dala ɗaya kusan naira 460 ce a banki. Da aka saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wato naira dubu 100 da a da ta fi dala 200, ta koma ba ta kai 70 ba. Baba ya sayar da buhunan masara, ya tura, amma kuɗin sun narke kafin su isa. A Ingila ma, a 2024, an umarci wasu ɗaliban Najeriya na Jami'ar Teesside su bar ƙasar saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta. In irin wannan ɗalibi ya yi kuka da naira, ba iyayi ba ne.

Sai maganar 'yanci, kuma a nan ne hirar take daɗi. Zai ba ka labarin wutar da ba a cika ɗaukewa ba da jirgin ƙasa mai araha. Amma tambaye shi: a can yana iya zagin shugaba yadda muke yi a majalisar mai shayi? Yuganda ta toshe Facebook a Janairun 2021, lokacin zaɓe. Indiya ta yi shekaru tana kan gaba a duniya wajen yawan katse intanet. Shi kansa baƙo ne. In ya yi rawar kai, bizarsa ce za ta ji a jikinta.

Kada wannan ya sa mu bugi ƙirji. Mu ma an rufe mana Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2022 kan rubutun da ya yi game da matar shugaban ƙasa. Kuma ba mu manta da yaran da aka kama a zanga-zangar Agustan 2024 ba, waɗanda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja.

Ka ga ke nan kowa da abin da ya gani. Shi ya ga cewa wahalar da muka saba da ita ba dole ba ce. Kai kuma ka san nawa ake sayar da taki bana, kuma kai ne za a iya ƙwanƙwasa wa ƙofa in rubutu ya yi zafi. Don haka shi ma ya iya bakinsa: kada ya zauna a Kamfala yana ce wa na gida matsorata.

In ya sake rubutu, kada ka yi saurin bulokin ɗinsa. Tambaye shi yadda manomin can yake samun taki da ruwan rani, ga mu da Dam ɗin Tiga a kusa. Sannan ka tambaye shi yaushe zai dawo.