Ko Kun Sani?

Soson da ake ɗaura wa injin goge fentin mota iri uku ne. Mai tauri yana cinye kwarzane mai zurfi, matsakaici yana share sawun da na farko ya bari, mai laushi kuma shi ke fito da sheƙi. Launi ba ya tantance su, domin kowane kamfani da nasa tsarin. Danna soson da babban yatsa ka ji taurinsa. Fatar fenti ta sama ba ta kai kaurin takarda ba, don haka fara da mai laushi. Motar da ta sha ƙurar hunturu daga Gwantu zuwa Kafanchan, a wanke ta tas tukuna, kada ƙura ta karce fentin.