Sinadarin laktobiyonik: abubuwan da ya kamata ki sani kafin ki shafa

Da zarar hunturu ya kama a Rano da Kibiya, fata ce ke fara ba da labari: fuska ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Lokacin ne kuma bukukuwa ke yawaita bayan kaka, amare na zaman dilka da halawa, 'yan mata na dirzar fuska da soso don ta yi sheƙi. A jikin kwalbar wasu mayukan zamani na gyaran fata za ki ga an rubuta Lactobionic Acid, wato sinadarin laktobiyonik.

Daga ina ya fito?

Daga sukarin da ke cikin madara ake sarrafa shi. Masana kimiyya biyu a Jamus, Fischer da Meyer, su suka fara haɗa shi a 1889. Yana cikin ruwan adana ƙoda da hanta kafin dashe, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a shekarun 1980. Kada a rikita shi da tsamin nono ko kindirmo. Wancan laktik ne, kuma ya fi shi zafi a fata.

Me ya sa ba ya raɗaɗi sosai?

Saman fatarmu matattun ƙwayoyi ne manne da juna. Idan suka taru, fuska sai ta dushe, ta yi kaushi. Aikin sinadarin shi ne sassauta abin da ya manne su, su zube da kansu ba tare da dirza ba.

Sirrin rashin raɗaɗinsa yana ga girmansa. Nauyin ƙwayarsa 358 ne, na gilaikolik kuwa, wanda ya cika mayukan goge fata, 76 ne kacal. Ki tuna tankaɗe: gari na wucewa ta rariya nan take, tsaki kuwa ya tsaya a sama. Haka laktobiyonik ma yake tsayawa a saman fata, yana shiga a hankali. Ga shi kuma yana riƙe danshi, abin da fata ke nema ruwa a jallo a hunturu.

Raɗaɗin mai a fata ne ya fi damuna game da baƙar fata irin tamu. Duk inda ta ƙone ko ta kumbura, baƙin tabo take bari, wani ya yi watanni bai tafi ba. Mata da yawa garin neman haske suka jawo wa kansu tabon.

Ba man bilicin ba ne

Ba zai sauya miki launi ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta yi gangamin gargaɗi kan mayukan bilicin, masu ɗauke da makuri da haidirokwinon da sitiroyid. Duk wanda ya miƙo miki haɗi a roba, babu suna babu lambar NAFDAC, ya ce zai haska ki cikin mako guda, ki mayar masa da abinsa.

Yadda za ki yi amfani da shi

Ki fara ɗiga kaɗan a bayan kunne, ki jira kwana biyu. In babu ƙaiƙayi ko ja, ki riƙa shafawa da daddare, sau biyu ko uku a mako, ki bi da man kaɗanya. Kada ki haɗa shi rana ɗaya da dilka ko halawa, kada kuma ya taɓa ciwo ko faso. Da rana ki shafa man kariya daga rana.

Kyasbi da makero ba ya maganinsu. In su ne ke damunki, ki je asibiti a duba ki kafin ki kashe kuɗinki.