Shayi: Asalinsa, Farin Jininsa da Yadda Ake Dafa Shi

In aka ɗauke ruwa, babu wani abin sha da ya kai shayi yawan mashaya a duniya. A ƙasar Hausa ma da wuya a sami unguwar da babu teburin mai shayi, amma kuma kaɗan ne daga cikin mashayan suka san abin da ke sa wani kofi ya yi daɗi, wani kuma ya yi bauri. Wannan darasi zai yi bayani a kan inda shayi ya fito, da abin da ke cikin ganyensa, domin sanin waɗannan shi ne ke nuna hanyar dafa shi yadda ya kamata.

Asalin Ganyen da Sunansa

Ana samun shayi ne daga ganyen wani tsiro da masana kimiyya ke kira Camellia sinensis, wanda asalinsa kudu maso yammacin ƙasar Sin ne da yankunan da ke maƙwabtaka da shi. Sinawa ne suka fara mayar da shi abin sha, har wani masaninsu mai suna Lu Yu ya wallafa littafi sukutum a kansa a wajajen shekarar 760. 'Yan kasuwar Holan ne suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 17. A yau Sin da Indiya ne ke kan gaba wajen noma shi, a Afirka kuwa Kenya ce, inda aka fara dasa shi a 1903. A Nijeriya ana noma shi a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, saboda tsiro ne mai son tudu da sanyi da ruwan sama mai yawa.

Ga ɗalibin harshe, sunan ma abin nazari ne. Akwai masu zaton cewa kalmar shayi ta samo asali daga aikatau sha, alhali kamar sauti ce kawai. A yawancin karuruwan Sinanci ana kiran ganyen ca. Wannan suna ya bi ayarin fatake ta tudu ya shiga Farisanci a matsayin cay, daga nan ya shiga Larabci. Da yake daidaitaccen Larabci ba shi da sautin c, sai Larabawa suka musanya shi da sh, suka ce shay. Bahaushe kuwa yana da c a bakinsa, saboda haka da a ce kai tsaye ya aro kalmar daga Farisa, da cayi za mu riƙa cewa. Wannan ya nuna cewa ta hannun Larabci ta iso mana, sa'an nan aka ƙara mata wasali a ƙarshe kamar yadda tsarin Hausa ya saba yi wa baƙin kalmomi. Sai a kula kada a rikita ta da shayi mai ma'anar kaciya, domin karin sauti ya raba su.

A gaɓar tekun Fujiyan kuwa te ake cewa, kuma shi ne sunan da jiragen ruwan Holan suka ɗauka, ya zama ti a bakin Ingilishi. Mu ma mun aro ti ɗin a zamanin mulkin mallaka. Ke nan Hausa ta gaji sunan ta hanyar raƙumi da kuma ta hanyar jirgin ruwa.

Abin da Ke Jan Mutane Gare Shi

Baƙin shayi da koren shayi duk daga tsiro ɗaya suke, sarrafawa ce ta bambanta su. Idan aka tsinko ganye aka bar shi ya yi yaushi, aka murje shi, aka bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu kafin a busar, an sami baƙin shayi. Idan kuwa aka turara shi ko aka soya shi sama-sama tun yana ɗanye, launinsa ba zai juya ba, shi ne kore, wato irin wanda muke kira shayin Buzaye.

Sinadarai uku ne suka fi muhimmanci a cikinsa. Akwai kafeyin, mai kore barci da kasala, irin wanda ke cikin goro da gahawa, sai dai abin da ke cikin kofin baƙin shayi bai cika wuce rabin na kofin gahawa ba. Akwai tiyanin, wanda ake dangantawa da natsuwar da mai shan shayi ke ji. Na uku shi ne dangin tanin, masu ba shi launi da bauri, kuma a kansu ne ƙwarewar mai dafawa take bayyana.

Amma ba sinadari kaɗai ke tara jama'a ba. Shayi abu ne mai araha wanda ba a shan sa a gurguje, don haka ya zama dalilin zama. A Damagaram da Yamai, fadar samari ba ta cika sai da 'yar buta a kan gawayi. A Kano da Zariya kuwa, labarin gari yakan fara sauka a teburin mai shayi kafin ya isa ko'ina.

Yadda Ake Dafawa

Farkon abin lura shi ne ruwa, domin kusan dukkan abin da ke cikin kofi ruwa ne. Ruwan rijiya mai zartsi yana dusashe launin shayi, ya bar wani yanayi kamar maiƙo a samansa. A nemi ruwa mai daɗi, sabon ɗiba, ba wanda ya kwana a buta ba.

Ga baƙin shayi, a bar ruwan ya tafasa sosai. A ɗauraye butar da za a jiƙa ganyen da ruwan zafi don kada sanyinta ya ƙwace zafin, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na ganye, kimanin giram 2 zuwa 3, ga kowane kofi. Sai a zuba tafasasshen ruwan a kan ganyen, a rufe, a bar shi ya tsima na minti 3 zuwa 5, a tace nan take. Koren shayi bai son zafi haka. Digiri 70 zuwa 80 ya ishe shi, wato a sauke ruwa a bar shi ya sha iska na 'yan mintoci, sa'an nan a jiƙa na minti 2 zuwa 3.

A wajen ƙidayar lokaci ne akasarin mutane ke kuskure. Ƙamshi da kafeyin suna saurin fita daga ganye, tanin kuwa a hankali yake ci gaba da fita muddin ganyen na cikin ruwa. Wanda ya bar ganye minti goma don neman ƙarfi, bauri kawai ya ƙara. Mai son shayi mai ƙarfi ganye zai ƙara, ba lokaci ba. Launi ma yana yaudara, musamman a shayin 'yar jaka, wanda ganyensa niƙaƙƙe ne: yakan rina ruwa cikin daƙiƙa kaɗan tun ɗanɗanon bai fito ba, sai mai gaggawa ya cire jakar ya sha jan ruwa lami.

Ɗalibi zai iya tambaya, to yaya shayin Buzaye, wanda ake ɓararraka koren ganye a kan gawayi? Wannan wata hanya ce dabam, wadda ta yaɗu daga Maroko zuwa cikin Sahara a ƙarni na 19, kuma ba kuskure ba ce. Da gangan ake fitar da ɗacin, sai a tare shi da sukari mai yawa, a riƙa sheƙa shi daga buta zuwa ɗan kofin gilashi har ya yi kumfa, a kuma sha kaɗan. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku, na farko mai tsananin ƙarfi, na ƙarshe sassauƙa mai zaƙi. Haka nan madarar da mai shayi ke zubawa tana kama tanin ta rage bauri, shi ya sa haɗin kauri ke jure doguwar dahuwa, ruwan bunu kuwa ba ya jurewa. A ganina, aibin da ya fi yawa a shayinmu shi ne sukari da madara sukan rufe ganyen ruf, har mutum ya shekara yana sha bai san ɗanɗanon shayin kansa ba. Citta da kanumfari da na'ana'a suna ƙara armashi, amma su ma a sa su da sauƙin hannu.

Ganyen shayi yana zuƙar wari da danshi, saboda haka a adana shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da daddawa da yaji da kananzir. Sa'an nan akwai batun lafiya da ya kamata malami ya sani domin ɗalibansa. Tanin yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganyaye, don haka mai ƙarancin jini da mace mai juna biyu gara su jinkirta shan shayi kamar awa guda bayan cin abinci. Mai wahalar samun barci kuma ya bar shi tun daga la'asar.