Haƙorin Dillali da Sungumin Manomi

A kasuwar hatsi ta Dawanau, kan hanyar Katsina a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, dillali yakan tsoma hannu cikin buhun masara, ya damƙo, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya ciza. Kafin ya tofar ya gama yanke hukunci: wannan ba ta bushe ba, in ta kwana biyu a sito fumfuna za ta yi. Ka tambaye shi yadda aka yi ya sani, sai ya ce jikinsa ne ya ba shi.

Daga nan sai ka ji ana cewa baiwa ce, wasu ma har su ce asiri. Wane irin asiri! Mutumin nan tun yana yaron shago yake ɗinkin buhu, yana cizon hatsi, yana ganin wanda ya lalace da wanda ya kai bazara lafiya. Ilimin ne ya shige masa hannu da haƙori har ya fi ƙarfin baki. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Gary Klein, sun daɗe suna saɓani kan wannan batu, amma a 2009 suka fitar da matsaya guda: abin da zuciya ta raya wa gwani abin dogaro ne idan sana'arsa tana tafiya bisa ƙa'ida, kuma yana ganin sakamakon hukuncinsa da wuri. Bushewar masara ta cika sharuɗɗan. Farashinta bai cika ba. Waɗanda jikinsu ya ba su cewa hatsi zai ci gaba da hawa, suka cika sito, sun ji a jikin nasu da farashi ya faɗi a 2025.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali yana bayan kasuwa, a gonakin da suka kewaye ta: binne. Ƙarshen bazara, ƙasa a bushe ƙayau, sama ba ta ce komai ba, sai ka ga magidanci gaba da sungumi yana sara, yara a baya suna jefa irin gero suna rufewa da diddige. Baƙo ya gani ya ce ganganci ne, ko ya yaba wa tawakkalinsu ya wuce. Duka biyun ba su duba lissafin ba. Ƙwayar gero ƙanƙanuwa ce, irin da zai shuke gona bai taka kara ya karya ba. In ruwan fari ya sauka da ƙarfi, geron mai binne ya riga na kowa tsirowa, shi kuma ya samu sararin shuka dawa yayin da maƙwabta ke fara sara. In yayyafi ne kawai ya tayar da iri ya bar shi ya ƙone, an yi asarar 'yan mudu, a sake shukawa. Manomin ya sa rai ƙwarai, sai dai ya auna abin da zai iya rasawa tukuna, kuma ba ya yin binne da irin gyaɗa mai tsada.

Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin kewayen Kano. An yi ta hasashen cewa yawan jama'a zai kashe ƙasar. Shi kuwa ya tarar ana nomanta kowace damina ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni da ake kaiwa a kan jakuna. Cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ma ba wani ofishi ne ya zana shi ba. Wani ne ya gwada a gefen gonarsa, maƙwabci ya leƙa lokacin kaka, da damina ta zagayo shi ma ya gwada.