Wuyan Kwanson Harsashi: Inda Masu Gasar Harbin Nesa Ke Neman Kuskure

A Amurka, Ostareliya da wasu ƙasashen Turai akwai gasar harbin nesa da ake kira F-Class, inda ake auna allo daga yadi 1,000. Tsakiyar allon faɗinta inci 5 ne kacal. Yawancin 'yan gasar ba sa dogara da harsashin kanti. Suna tara kwanson da suka harba, su sake ɗura shi da kansu, kamar yadda dokar ƙasashensu ta yarda. A Najeriya kuwa doka ta hana haɗa harsashi ba da izini ba, don haka abin da za mu duba a nan shi ne ilimin ƙarfe da awo da ke cikin aikin.

Mene ne wuyan kwanso?

Shi ne siririn bakin kwanso wanda ke riƙe ƙwayar harsashi. Ana yin kwanson da tagulla: kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Aikin wuyan ya riƙe ƙwayar da ƙarfi iri ɗaya, ya kuma sake ta iri ɗaya a kowane harbi. Idan wannan kwanso ya riƙe da ƙarfi, wancan ya riƙe sako-sako, gudun ƙwayoyin zai bambanta. A yadi 1,000 ɗaya sai ta bugi sama, ɗaya ta bugi ƙasa.

Lissafin ba wuya. Ƙwayar .308 kaurinta inci 0.308. Idan bangon wuyan inci 0.014 ne, gefe biyu sun zama 0.028, jimla 0.336. Sai a matse wuyan zuwa 0.334 kafin a sa ƙwayar. Wannan bambancin na inci 0.002, wanda bai kai kaurin takarda ba, shi ne riƙon.

Tsagewa

Ka taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye? Haka tagulla take. Kowane harbi yana buɗa wuyan, kowace matsewa tana mayar da shi, sai ƙarfen ya yi ta tauri har ya tsage. Maganinsa gashi: a ɗumama wuyan da kafaɗar kwanson na 'yan daƙiƙoƙi don ya sake laushi. Wasu na amfani da harshen wutar gas, wasu kuma na'urar lantarki irin ta kamfanin AMP na New Zealand, wadda ke ƙayyade zafin da kanta. Zafin kada ya kai gindin kwanson, domin can ne ke tare matsin da ke iya kaiwa fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci. Kwanson da gindinsa ya yi laushi sai jefarwa.

Akwai wata tsagewar da ba ruwanta da harbi. Sojojin Ingila a Indiya sun ga kwansonsu na tsagewa a ajiye lokacin damina. Daga baya aka gano amoniyar fitsarin dawaki ce, don a bargar dawaki aka adana su. Shi ya sa ba a goge kwanso da man goge ƙarfe mai amoniya.

Tsawo da kauri

Tagulla tana malalowa gaba da yawan amfani, sai kwanson ya ƙara tsawo. Hukumar SAAMI ta Amurka ta ƙayyade inci 2.015 a matsayin iyakar kwanson .308 Winchester, masu aikin kuma kan datse shi zuwa 2.005. Idan ya wuce iyaka, bakinsa zai matsu a cikin bindiga ya ƙi sakin ƙwayar, matsi ya haura. Wannan haɗari ne ga mai harbin kansa.

Malalar nan kan tara wani zobe mai kauri a ciki, daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Ido ba ya ganinsa, amma hannu na jin ƙwayar ta cije in ta isa wurin. Ana kankare shi ta ciki. Haka kuma idan wani gefen bangon ya fi wani kauri, ƙwayar za ta zauna a karkace. Ana gane wannan ta juya harsashin a ƙarƙashin agogon awo, a ga yadda allurarsa ke rawa.

Yadda ake gano mai laifi

Duk mai rubuta manhaja ya san cewa idan ka sauya abu biyar lokaci guda, ba za ka san wanne ya gyara ba. Ƙwararrun 'yan gasa ma haka suke yi. Ba sa gauraya kwanson kamfanoni daban-daban, suna rubuta sau nawa aka harba kowane rukuni, suna sauya abu ɗaya tak, sannan su auna gudun da na'urar rada irin Garmin Xero ko LabRadar. Idan tazarar da ke tsakanin harbi mafi sauri da mafi jinkiri ta ragu, gyaran ya yi aiki. Idan ba ta ragu ba, sai a mayar da saitin baya, a gwada abu na gaba.